Na Je Yamai Neman Hoton Ungulu

Duk wanda ya girma a Maraɗi kamar ni, da a ce an gaya masa tun yana yaro cewa wata rana zai biya kuɗin mota, ya yi tafiyar kilomita sama da 600 domin ya ɗauki hoton ungulu, to da ya ce mai maganar ya sami taɓuwa. A zamanin ƙuruciyarmu ungulu ba abin kallo ba ce. Tana jere bisa katangar mayanka tun kafin mahauta su kayar da san farko, tana yawo tsakanin ƙafafun mutane a kasuwa kamar kazar gida, mu kuwa yara aikinmu jifa da tsokana. Ba wanda ya taɓa tunanin ƙirga ta, balle ya ɓata kuɗin fim a kanta.

Abin da ya tayar da tafiyar ga, jikana ne ɗan lakwal. Ya dawo gida da karin maganar nan da mushensu ya ba su, wai ungulu ba ta jewar banza, ya ce in fassara masa. Na fassara. Sai ya ce: "To Kaka, ita ungulun yaya kamanninta?" Na buɗe baki zan ce ya leƙa mayanka ya gani, sai na tsaya, domin ni kaina na kasa tuna rabona da ganinta a can.

Ina da kamara irin ta zamani, wadda masu jin Faransanci ke kira nimerik, ɗana ne ya aiko mini da ita bayan na ajiye aikin gwamnati, wai in sami abin rage zaman banza. Lokacin da nake buro na riƙe kamarar fim. Hoto 36 ke cikin kowane naɗi, mutum ya yi ta tattali kamar mai rabon gishiri, sa'an nan ya kai a wanke ya jira kwanaki kafin ya san ko ya yanke kan amarya. Ita wannan ba fim gare ta ba. Haske ne ke faɗawa bisa wani ɗan faranti mai miliyoyin ɗigo, a mayar da shi lissafi, a ajiye cikin kati wanda bai wuce faɗin farce ba, nan take kuma hoton ya bayyana a bayanta. Wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa ta farko a Amurka a shekarar 1975, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda, baƙi da fari. Tawa kuwa tana ɗaukar hotuna da dama cikin daƙiƙa ɗaya. Na saka ta a jaka, na riƙo hannun yaron, muka shiga motar asuba cikin sanyin watan Janairu.

Na zauna kusa da taga da niyyar in nuna masa ungulu tun a hanya, ko ma mu huta da neman ta a keji. Muka wuce Madawa, muka wuce Birnin Ƙonni, muka wuce Dogon Dutsi da tsaunukanta, muka wuce Doso. Na ga shirwa biyu ko uku, na ga hankaki ba iyaka. A wani wuri muka wuce mushen jaki a gefen hanya, ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi, ba tsuntsu ko ɗaya a kansa. A da, irin wannan mushe ba ya kai la'asar.

Washegari da hantsi muka isa Muze. Ga wanda bai san Yamai ba, gidan tarihin ƙasa yana tsakiyar gari, ba nisa da kogin Isa da gadar Kenedi, bisa wani fili mai gangare da itatuwa. An buɗe shi a shekarar 1959, kafin samun mulkin kai da ƴan watanni, Pablo Toucet ne ya fara riƙe shi, yanzu kuma yana ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokoki har zuwa 1974, wanda ya tsaya tsayin daka wajen kafa shi. Ɗakunansa farare ne da shuɗi, da zane irin na magina Hausawa. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, akwai na kayan kiɗa, akwai na yuraniyom, akwai ƙasusuwan manyan halittun da aka tono a Gadufawa cikin jahar Agadas, ga kuma rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai saye. Tsakanin waɗannan duka aka rarraba kejin namun daji, ta yadda mutum zai fito daga kallon rigar sarki ya yi kiciɓis da kura.

Na fara neman izinin ɗaukar hoto a ƙofa, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka. Bari in ƙara da cewa a halin da ƙasa ke ciki, mai doguwar kamara ya san inda yake juya ta. Gada da bariki da gidajen hukuma ba abin ɗauka ba ne, ko da tsuntsun duniya ne ya sauka a kansu.

Wajen zaki muka fara zuwa, domin yaron bai yarda da wani tsari ba sai wannan. A nan na sha kunyar farko. Na tsaya nesa kamar mai gaida sarki, na danna sau goma, na duba: ƙarafunan keji sun fito tangaran, har ana ganin inda fenti ya ɓare, zaki kuwa ya zama wani jan hazo a bayansu. Dalili shi ne kamarar zamani tana neman abin da za ta daidaita ganinta a kai da kanta, kuma abin da ya fi kusa da ita take kamawa. Ba ta san ni zaki na zo gani ba. Jikana ya leƙa ya ce: "Kaka, ka zo Yamai ɗaukar hoton ƙarfe." Na ce masa ya bari in na mutu ya gaji kamarar ya nuna mana tasa gwanintar.

Wani dattijo daga cikin masu kula da dabbobin, wanda ya ga masu hoto iri-iri, ya ce mini: "Alhaji, yi haƙuri da shi. Zaki ba ya aiki da rana, sai ya ji motsin nama." Gaskiyarsa. Zaki kan kwashe mafi yawan wuninsa a kwance, ko a daji ko a keji. Muka bar shi da alkawarin dawowa. Kura tana kai da komo a ɗakinta ba ta tsayawa, duk hoton da na ɗauka sai ya fito da kai biyu. Dorina ta ba mu hanci da kunnuwa kawai, sauran ta bar wa ruwa. Kada kuwa shi ne abokin mai koyo: ya buɗe baki ya sandare, ka ɗauka sau ɗari ba zai motsa ba.

Sa'an nan muka isa wajen tsuntsaye, inda na yi sauran wunina.

Ga ta nan a tsugune bisa wani reshe, da sanƙon kanta da siririn bakinta, kamar tsohuwar da aka bari gadin gida. Na ce wa yaron: "To ga ungulu." Ya daɗe yana kallo, ya ce: "Ashe ƙarama ce." Haka ne, ungulun gari ba ta kai ƴan uwanta na daji ba. Ɗaya daga cikin manyansu a ƙasarmu, wadda wasu ke kira mikiya, masana kuma suka laƙaba mata sunan Rüppell, faɗin fikafikanta ya wuce mita 2. Irinta ce ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a watan Nuwamba na 1973, a nisan mita 11,300 daga ƙasa, kuma har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya kai wannan nisa ba.

Kejin tsuntsu raga ce ta waya mai ƙananan idanu, wadda ta fi ƙarafunan zaki wuyar sha'ani. Amma akwai dabara, kuma duk wanda ya taɓa kwana cikin gidan sauro ya san ta ko bai sani ba. In ka kai fuskarka dab da ragar ka dubi ƙofar ɗaki, ragar sai ta ɓace maka. In ka ja da baya sai ta dawo. Haka idon kamara yake. Abu na farko, a kai gilashin kusa da wayar iyakar yadda shinge ya yarda, ba tare da an tsallake shi ba. Na biyu, a jawo tsuntsun da dogon ido, kamar milimita 200 ko 300. Na uku, a buɗe ƙofar haske sosai, wato a sa ƙaramar lamba irin 4 ko 5.6, domin in ƙofar ta buɗe, abin da aka daidaita a kansa kaɗai ke fitowa sarai, na gabansa da na bayansa su narke. Sai kuma a jira tsuntsun ya koma tsakiyar keji, nesa da wayar, domin in ya manne da ita ba dabarar da za ta raba su. Kuma a zaɓi gefen da wayar ke cikin inuwa. In rana na dukanta, za ta bar farin hazo bisa hoton. Da kamarar ta nace sai waya take so, na kashe mata wannan wayon na juya gilashin da hannuna.

Ido ake nema. In idon tsuntsu ya fito sarai, mai kallo zai yafe duk sauran. In ido ya dushe, ko gashin ya yi kyau kamar zanen sarki, hoton ya mutu. A wajen masu farauta irin su shaho da gaggafa kuwa, ido shi ne dukiyarsu gaba ɗaya. Da yawansu suna da gurbi biyu na kaifin gani cikin kowane ido, inda ɗan Adam ke da guda, shi ya sa za ka ga shaho yana karkata kai yana dubanka ta gefe: ba raini ba ne, yana sa ka ne a gurbin da ya fi kaifi. Suna kuma da fatar ido ta uku, siririya, wadda ke gilmawa daga gefe tana share ƙura. Ban taɓa ganinta da idona ba sai a bayan kamara. Cikin hotuna bakwai da na ɗauka a jere, guda ya fito da ido fari fat kamar na makaho, har na tsorata na ce tsuntsun ba shi da lafiya, ashe ƙiftawa ya yi. Wannan shi ne abin da fim bai taɓa ba ni ba, domin wa zai ƙona hoto bakwai bisa tsuntsu guda?

Kan tsuntsu ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka sai an gaggauta ƙiftawar kamara, kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ga wanda ke zaune, ɗaya cikin 1000 ko fiye ga wanda ya buɗe fiffike. In inuwa ta yi yawa sai a ɗaga lambar ISO zuwa 800 ko sama, a haƙura da ɗan tsakin da zai fito bisa hoton. Filasha kuwa na kashe ta tun daga ƙofa: tana haska waya, tana kuma firgita dabba. Wani abu da na koya da tsada a wata tafiya: kada a cire gilashi a fili lokacin hunturu. Ƙurar buji in ta shiga ta zauna bisa farantin, kowane hoto zai fito da baƙin ɗigo a sama, mutum ya yi ta murna yana tsammanin tsuntsu ne daga nesa.

Wajen azahar dabarar ta kama. Na sami hoton da nake so: ungulu ta juyo, ido yana ƙyalli, bayanta kore-kore ne mai laushi, ba waya, ba siminti, ba kwanon ruwa. Wanda duk ya gani zai rantse a dajin Gadabeji na ɗauke shi. Na nuna wa jikana ina jiran yabo. Ya duba hoton, ya duba kejin, ya sake duba hoton, ya ce: "Kaka, ina wayar ta tafi?"

Muka koma gindin wata itaciya muka zauna, zafi ya taso, ni kuwa tambayar ta ƙi barina. Na kwashe rabin wuni ina koyon yadda zan ɓoye abu guda da ya fi kome muhimmanci a labarin. Na zo Yamai ne domin ban sami ungulu a sake ba, ga shi kuma zan koma Maraɗi da hoton da ke cewa tana nan a sake lafiya lau. Kamara ba ta ƙara kome ba, ba ta kuma goge kome ba; ni ne na zaɓi abin da za ta gani. Irin wannan hoto ne ke yawo a wayoyin mutane, kowa ya ce masha Allah ya wuce, hankali kwance.

Alhali lissafin masana ba na kwanciyar hankali ba ne. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga masu farauta daga cikin mota, kamar yadda na yi ta taga amma da alƙalami da tsari. Ya dawo ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun da ake tsaro. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, IUCN, ta saka ungulun gari da ta Rüppell cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2024 ya duba iri 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka, ya sami kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna raguwa. Shi kansa zakin da muka bari yana barci, ƙidayar da aka buga a 2014 ta nuna ƴan uwansa na Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu kuma a gandun W da Arli da Panjari.

Me ke cin ungulu? Guba ce kan gaba. Makiyayi ya zuba magani a mushe domin kura ko dila ko karnuka, ungulaye su sauka da yawa su mutu tare. Na biyu kuwa, mu faɗi gaskiya tun da shafin ga ƴan kasuwa na karanta shi, ciniki ne. Ana sayen kai da ƙafa da ƙwai domin tsubbu da neman sa'a, kuma da tsuntsun ya yi wuya sai kuɗinsa ya hau, da kuɗin ya hau sai maharba su ƙara nisa. A Gine Bisau an kashe ungulun gari sama da 2000 da guba a shekarar 2020, da yawa an same su ba kai. A nan gida, wata ƴar farar ungulu da masana suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka a 2013, ta ƙetare teku da hamada ta sauka a jahar Damagaram, sai maharbi ya kashe ta a farkon 2014. Ita kuwa ungulun gari ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya kai haihuwa. Ko mai awon hatsi ya san inda rumbu zai ƙare in ana ɗiba da masaki ana zubawa da ludayi.

Wanda ya ce ina ruwansa, ya tambayi Indiya. Can wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayensu daga shekarun 1990, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya taru, karnukan banza suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, tana share mushe kafin ya ruɓe ya gurɓata rijiya da tabki, kuma ba ta taɓa kai takardar neman albashi ma'aikatar magajin gari ba. Ƙasa irin tamu mai rayuwa bisa dabbobi, mai fitar da su kasuwannin maƙwabta, ita ce ta fi kowa asara.

A cikin Muzen nan akwai wata rumfa da ke ɗauke da busasshen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi yana nuna wa ayarin gishiri hanya, har wata babbar mota ta kayar da shi, aka kwaso gawarsa zuwa Yamai a 1973. Mun bi ta gabansa da safe ban ce kome ba. Da muka sake bi da rana sai na ga kusancinsa da kejin tsuntsayen ya dame ni.

Duk da haka ba na cikin masu cewa an gama. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har zuwa kimanin 50 a 1996, aka tsaya musu, suka haura 600, har aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a 2018. Ungulaye na nan suna sheƙa a duwatsun Kutus da kuma Tarmit, inda aka kafa gandun tsaro a 2012. Kuma a nan ne kamarar zamani ke da wani amfani da ya wuce ado. Kowane hoto tana rubuta masa rana da sa'a a cikinsa, wayoyin hannu da yawa har da wurin da aka ɗauka. Ma'aikacin da aka tura aiki ƙauye, ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako daga Tasawa zuwa Tanut, in ya ga ungulu bisa mayanka ya ɗauka, ko da hoton bai yi kyau ba, ya riƙe shaida ke nan wadda ma'aikatan gandun daji da masu bincike ke nema. Da a ce wani ya yi haka a mayankar Maraɗi shekaru 40 da suka wuce, da ban tsaya ina rantse-rantse a gaban jikana ba. Sai dai a kiyaye abu guda: in sheƙa ce aka gani, kada a watsa hoton a Facebook ko WhatsApp tare da sunan wurin. Maharbi ma yana da waya.

Da la'asar ta yi sanyi muka koma. Zaki ya tashi kamar yadda dattijon ya faɗa, ya yi hamma, na same shi da haƙora waje, yaron ya yi tsalle. Hasken ya koma ja-ja, irin wanda masu hoto ke so. Wata shirwa ta gilma ta wajen kogi, na bi ta da kamara, ta fito baƙa ƙirin domin hasken sama ya rinjayi na'urar. Kafin in ƙara mata haske ta yi nisa.

Na sake tsayawa gaban ungulun. Wannan karon na ja da baya taku uku, na rage ƙofar haske zuwa lamba 11, na bar wayar ta fito ido-ido, da kwanon ruwa, da simintin, da inuwar yaron a ƙasa yana leƙe. Na danna sau ɗaya.

A motar komawa ya karɓi kamarar yana ta juya hotuna biyun, na safe da na yamma. Na ce ya zaɓi wanda za a wanke masa ya kai wa mushensu. Ya ce duka biyun yake so. Na ce kuɗin hoto ɗaya gare ni. Ya yi shiru har muka wuce Doso, sa'an nan ya ce a wanke mai wayar, domin in ya kai ɗayan, ƴan ajinsu za su ce ya nuna musu itacen da take sauka.